Tayar H78-15 ta ɓace a shaguna: wace lamba ce za ta zauna a tsohuwar Caprice?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. A Jidda nake zaune. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Chevrolet Caprice ƙirar 1973. Ta daɗe a ajiye, yanzu na samu na tayar da injin. Tayar safaya da ke cikin but an rubuta mata H78-15. Na zaga masu banshar, wato masu faci da sayar da taya, ba wanda ya san wannan lamba. Wani ya ce in sa 205/65R15 tunda duk rim 15 ne, wani kuma ya ce 225/60R15. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Kai kuma Allah ya yi maka albarka da ba ka bari motar ta ruɓe a tsaye ba, ba ka kuma kai ta tashlih an fiɗe ta an sayar ƙarfe-ƙarfe ba.

Ɗana, kada ka sayi ko ɗaya cikin biyun nan. Lambar da ta gaji H78-15 ita ce 225/75R15, kuma ka tabbata lambar nauyin da ke biye da ita ta kai 100 ko ta wuce, galibi za ka ga an rubuta 102S ko 102T. In ka nema ka rasa, 235/70R15 ita ce ta biyu. Bayanta sai 235/75R15 in akwai fili a ƙarƙashin madigadi, ko 215/75R15 in rim ɗinka siriri ne. Da wannan kaɗai za ka iya tashi ka je kasuwa. Amma ina so ka fahimci inda lambar ta fito, domin ranar da ka tsaya gaban mai shago ya ce maka "wannan ma ɗaya ce", kai da kanka ka iya ɗaukar waya ka buga lissafi ka gane gaskiya ya faɗa ko kayansa yake son fitarwa.

Masu banshar ba su yi laifi ba da suka kasa gane lambar. An daina wannan tsarin rubutu tun kafin a haifi yawancinsu. Amurkawa sun sauya yadda suke sa wa taya suna har sau uku cikin shekara talatin. A shekarun 1950 lamba zalla suke rubutawa: 6.70-15, 7.10-15, 7.60-15, 8.20-15, inda ta farko take nufin faɗin taya da inci. Wajen 1965 aka fito da masu ɗan gajeren gefe, su 7.75, 8.25 da 8.55. Ƙarshen shekarun 1960 sai aka koma harafi, aka samu F78, G78, H78, L78 da sauransu, wanda shi ne zamanin motarka. Daga wajen 1977 kuma aka koma milimita, tsarin da muke kai har yau. Saboda haka 8.55-15 da H78-15 da 225/75R15 gida ɗaya ne, kaka da uba da jika.

A cikin H78-15, harafin H yana nuna ajin nauyin da tayar ke ɗauka. Duk yadda harafi ya yi nisa da A, tayar ta fi girma ta fi ɗaukar kaya. Ka kula, wannan H ba shi ne H ɗin da ake rubutawa a tayoyin yanzu ba, wanda ke nufin gudun kilomita 210 a awa. Mutane da dama suna ruɗewa a nan. Lamba 78 tana nufin tsayin gefen taya kashi 78 ne cikin 100 na faɗinta. Rashin harafin R bayan H yana nuna tayar zare ce ta da, ba radiyal irin ta zamani ba. Da radiyal ce da ka ga HR78-15. Sai 15, wato rim mai inci 15.

To ga abin da nake so ka riƙe da hannu biyu. In ana neman magajiyar tsohuwar taya, tsayi ake fara dubawa, wato daga ƙasa inda ta taka kwalta har zuwa samanta. Faɗi yana zuwa daga baya. Wanda ya ce maka duk rim 15 ɗaya ne, rami kawai ya duba. Eh, tayar za ta shiga rim, amma ba a nan magana ta ƙare ba. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun ɗora lissafin giya, da agogon gudu, da tazarar ƙasa, da kwanciyar sifirin a kan taya mai wani tsayi sananne. H78-15 tana da tsayin kusan milimita 720, wato inci 28 da ɗan ɗoriya. Wannan lamba ita ce ma'auninka.

Lissafin tayar zamani ba shi da wuya. Ɗauki 225/75R15. Faɗinta milimita 225. Gefenta kashi 75 cikin 100 na wannan faɗi, wato 225 sau 0.75, ya ba ka 168.75. Gefe biyu ne, na sama da na ƙasa, sai ka ninka, ya zama 337.5. Rim inci 15 ne, kowane inci milimita 25.4, ya ba ka 381. Ka haɗa 337.5 da 381, ka samu 718.5. Tsakaninta da 720 bai kai kaurin tsinken ashana ba.

Yanzu mu auna waɗanda aka yi maka talla. 205/65R15, wadda tayar tsohuwar Camry ce shi ya sa ta cika shaguna, tsayinta 647.5 ne. 225/60R15 kuma 651. Ka ga duka biyun sun gaza da kusan santimita 7, kashi 10 cikin 100 ke nan. Wanda ya ce 225/60 ya dace da faɗi amma ya yi asarar tsayi, kuma lambar tsakiyar nan da mutane ke tsallakewa ita ce ke yin aikin. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce kada sabuwar taya ta saɓa wa ta asali da fiye da kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. A motarka wannan yana nufin daga kusan 698 zuwa 742. 235/70R15 tana da 710, 215/75R15 tana da 703.5, 235/75R15 tana da 733.5, duk suna ciki. 225/70R15 tana da 696, tana bakin layi daga waje, ba zan ba ka ita ba sai in babu yadda za a yi.

Me zai faru in ka sa gajeruwar? Na farko, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya: yana nuna 100, kai kuwa 90 kake yi, kuma lissafin kilomita zai riƙa gudu fiye da tafiyar da aka yi. Wannan da sauƙi. Wanda ya fi damuna shi ne injin. Caprice ta wannan zamani giya uku gare ta, ba ta da giyar hutu ta saman hanya irin ta motocin yanzu. In taya ta gajarta da kashi 10, injin zai riƙa juyawa fiye da yadda ya saba da kusan kashi 11 kafin ya ba ka gudun da kake so. Ka ɗora wannan a kan injin da ya haura shekara hamsin, a hanyar Madina mai sama da kilomita 400, da rana tsaka, da na'urar sanyi a kunne. Zafi zai ƙaru, mai zai ƙaru, ƙara za ta ƙaru. Sannan motar za ta sauko ƙasa da santimita 3 da rabi, ita kuwa doguwa ce, bayanta ya zarce tayar baya sosai. Duk tudun rage gudu na cikin unguwa sai salansa ta gaisa da shi. Ban ma yi maganar kyan gani ba. Babbar mota mai faɗin ƙirji a kan 'yan ƙananan tayoyi, ga rami fanko tsakanin taya da madigadi, duk wanda ya san motar zai ji ba daɗi.

Bayan tsayi sai nauyi, kuma nan ne rai yake. Ka fito da safayar nan, ka goge gefenta da jiƙaƙƙen tsumma, ka duba ƙananan rubutun da ke kusa da bakin rim. Za ka ga inda aka rubuta iyakar nauyinta da awon fam. H78-15 ta ƙaramar mota tana ɗaukar wajen fam 1,770, kimanin kilo 800. A tsarin yanzu lamba ce ake sakawa bayan girman taya: 94 tana nufin kilo 670, 96 kilo 710, 97 kilo 730, 100 kilo 800, 102 kilo 850, 105 kilo 925. Tayar Camry ɗin nan galibi 94 ce. Kowace ƙafa ta gaza da kilo 130, ƙafa huɗu kilo 520. Motarka kuwa tana kusa da tan biyu babu kowa a ciki. Ka sa iyali shida, ka cika but da jarkokin zamzam da kayan tafiya, ka cika tanki. Tayar da aka ɗora wa abin da ya kusa ƙarfinta tana lanƙwasa fiye da kima, lanƙwasar tana haifar da zafi a cikinta, zafin kuma shi ne ke raba roba da waya. Ba ta yin sallama, fashewa kawai take yi.

Akwai wani kuskure da za ka iya faɗawa ba da laifin kowa ba. In ka ce wa mai shago "Caprice" kawai, zai iya miƙo maka 205/75R15, domin ita ce lambar da aka saba gani a Caprice ta shekarun 1980. A 1977 kamfanin General Motors ya rage girman waɗannan motoci, suka gajarta suka rage nauyi sosai. Taka ta riga wannan sauyi. 205/75R15 tsayinta 688.5 ne, nauyinta 97, ta yi wa taka kaɗan. Ka riƙa faɗin shekarar, ko ma dai ka faɗi lambar da kake so kai tsaye.

In ka samu 225/75R15 ɗin ma, kada ka yi saurin biya, ka duba haruffan da ke gabanta. In ka ga ST a farko, ajiye ta. Wannan tayar tirela ce, irin wadda mota ke ja ɗauke da jirgin ruwa ko doki ko ɗakin zango, kuma wannan girma yana da yawa a cikinsu. Ba a yi ta don ƙafar da ke juya sitiyari ko take birki ba, haramun ce a motar da ke ɗaukar mutane. In ka ga LT a farko ko C a ƙarshe, ta motar kaya ce. Za ta ɗauki nauyi har ya yi yawa, amma gefenta tauri gare shi, tana son iska mai yawa, kuma za ta kashe maka laushin tafiyar nan da ake son Caprice dominsa. Ga 235/75R15 kuma, yawancin waɗanda ke kasuwa masu manyan haƙora ne na motocin daji, suna kuka a kwalta. Ka nemi mai zanen hanya, wadda babu komai a gaban lambarta ko kuma akwai P.

Sai rim, wanda masu shago a nan ke kira jant. Shekara hamsin ba kwana hamsin ba ce, mai yiwuwa an taɓa sauya shi, kuma mai yiwuwa safayar da ka gani ba da ita motar ta zo ba. Don haka ka duba jikin ƙofar direba ko cikin akwatin gaba, a kan samu takardar kamfani mai ɗauke da lambar taya da iska. In ta ce G78-15, to 215/75R15 ce taka. In ta ce L78-15, 235/75R15 ce. Sannan a cire taya ɗaya daga rim gabanka. Ka kankare tsatsa kusa da ramin bawul ko a bayan rim, za ka ga an buga wani abu kamar 15x6. Shida ɗin nan shi ne faɗin rim da inci, ana auna shi daga cikin leɓe zuwa cikin leɓe. In ka auna daga waje za ka ƙara kusan inci ɗaya ka ruɗi kanka. 225/75R15 tana son rim daga inci 6 zuwa 7 da rabi. In naka 5 da rabi ne, 215/75R15 ta fi dacewa, domin taya mai faɗi a kan siririn rim tana kumburo tsakiya, ta cinye a nan, kuma motar ta riƙa rangaji a kwana.

Tun da rim ɗin yana tsirara a gabanka, sa yatsa ka bi inda leɓen taya ke zama. Ya kamata ka ji wani ɗan tudu ya zagaye shi ta ciki. Shi ne ke riƙe leɓen taya kada ya zame in iska ta ragu ana cikin tafiya. Motar 1973 an yi ta don taya marar tub, za ka same shi. Abin da na fi tsoro a Jidda shi ne tsatsa. Iskar teku da laimar garin nan suna cin ƙarfe daidai wurin zaman leɓe, sai ka ga sabuwar taya tana sace iska kullum ana ɗora wa tayar laifi. A goge da burushin waya, a shafa fenti, a sa sabon bawul a kowace ƙafa. Rim ɗin da tsatsa ta ci ya yi ramuka ko ya tsage kusa da ramin noti, a yar da shi. In za ka nemi wani a tashlih, ramukan notin wannan ƙira biyar ne a da'irar inci 5, wato milimita 127, ba kowane rim ɗin Chevrolet ke shiga ba.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a nemo irin ta asalin ba? Ana samu. Akwai kamfanin Coker Tire a garin Chattanooga na jihar Tennessee a Amurka, suna yin tsofaffin tayoyi da tsofaffin zubi, har da H78-15 mai farin gefe. Michelin da Pirelli da Vredestein su ma suna da sashen tayoyin tsofaffin motoci, amma nasu ya fi karkata ga motocin Turai. In motar ta nuni ce, ana fito da ita taron masu tsofaffin motoci a kan tirela a mayar, to tayar zare ta asali ita ce adonta. Amma in hawa za ka yi, shawarata radiyal ce, kuma ba na shakka a kai. A tayar da, zaren yana gicciye ne daga leɓe zuwa leɓe, shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar saƙar tabarma. Duk juyin da ta yi, shimfiɗun suna gugar juna, zafi yana taruwa. A radiyal, wadda Michelin ya yi wa rajista a 1946, zaren yana tafiya kai tsaye daga leɓe zuwa leɓe, sannan a ɗaura ɗamarar waya a ƙarƙashin zane. Gefe yana lanƙwasa shi kaɗai, zane yana kwance shar a ƙasa. Ta fi sanyi, ta fi riƙe hanya in an taka birki, ta fi daɗewa, kuma ba ta bin tsagin kwalta tana jan sitiyari. Amurkawa sun makara a kanta, sai a 1970 Lincoln Continental Mark III ta zama motarsu ta farko da ta fito da ita daga kamfani, sauran suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1970. Wato motarka tana bakin ƙofar sauyin, ba za ta yi baƙunta da radiyal ba. Ana kuma samun 225/75R15 da 235/75R15 masu siririn farin layi a gefe, in kana son ta fito yadda mahaifinka ya san ta.

Abu ɗaya da ba a yi: ba a haɗa tayar zare da radiyal a mota ɗaya. Mafi muni shi ne radiyal a gaba, ta zare a baya, domin gaba zai riƙe hanya baya ya sulale, motar ta juya da kai a kwana. Ka sayi biyar iri ɗaya, har da ta safaya.

Yanzu maganar ƙasar da muke ciki. A watan Yuni na 2010 an auna zafin digiri 52 a Jidda, kuma kowa ya san kwalta ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. A gefen taya akwai inda ake rubuta ajin jure zafi da harafi A ko B ko C. Ka nemi A, ka haƙura da B, kada ka karɓi C ko kyauta ce. Harafin gudu kuwa, S yana nufin 180, T yana nufin 190, ko wanne ya wadatar da wannan mota.

Sai ranar haihuwar taya. Bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a cikin wani ɗan zobe. In ka ga 2324, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2024. In lamba uku ce, an yi ta kafin shekarar 2000, ba abin hawa ba ce ko da zanenta bai taɓa ƙasa ba. Wannan ya shafe ka fiye da mai Camry, saboda girman da kake nema ba ya tafiya da sauri a kasuwa. Tayar Camry tana zuwa yau a sayar gobe, taka kuwa tana iya yin shekaru a saman shago ƙarƙashin rufin kwano tana gasuwa. Ka duba duka biyar ɗaya bayan ɗaya, kada ka duba ta sama ka yarda da sauran. Wadda ta wuce shekara da ƙerawa, ka nemi wata. Ta hannu kuwa kada ma ka tsaya kallonta, araha ba ta ado. Kuma ka sani, tsohuwar mota irin taka ba ta cinye zanen taya, tsufa ne ke kashe ta. Wasu kamfanonin mota suna cewa a sauya bayan shekara 6, kamfanonin taya suna cewa kada a wuce 10 ko ta halin ƙaƙa. A zafin Hijaz ni ba na kaiwa can, in ta kai 5 ina fara shirin sauyi. Ka riƙa ajiye motar a inuwa, ka riƙa motsa ta ko da sau ɗaya a mako don kada tayar ta kwanta a gefe ɗaya.

Iska kuma, lambar da ke jikin takardar ƙofa ta tayar zare ce, za ka ga ba ta da yawa. Radiyal tana son fiye da haka. Ka fara da 32 a awon PSI gaba da baya, ka ƙara zuwa 35 in za ka yi lodi ka kama doguwar hanya, amma kada ka wuce iyakar da aka rubuta a gefen tayar. Da safe ake aunawa kafin mota ta motsa. Radiyal ko ta cika tana da ɗan tumbi a ƙasa, kada wannan ya sa ka ƙara mata. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a nan, wai in zafi ya shigo a rage iska don kada taya ta fashe. Wallahi wannan shi ke fasa ta. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa ta yi zafi. In ka tsaya shan mai a hanya ka auna ka ga ta ƙaru da 4 ko 5, haka aka yi ta, ka bar ta.

Tunda na san wasu masu tsofaffin motoci za su karanta, bari in taɓa nasu a gurguje. Masu Marsandi ta shekarun 1970 da Fijo 504 za su ga 175R14 ko 185R14, babu lambar tsakiya. Rashin lambar yana nufin kusan 80 ne. 175R14 tsayinta wajen 635, don haka 175/80R14 ko 195/70R14 mai 628.6 su ne nata. 175/65R14 da ta cika kasuwa 583 ce kawai, ta yi nisa. 185R14 da ake samu a ko'ina kuwa yawanci mai C ce ta Hilux da ƙananan bas, ba ta Marsandi ba. Masu motocin shekarun 1950 kada su ce 6.70 sau 25.4 ya ba da 170, su je su sayo 175/65R15. Tsohuwar 6.70-15 doguwa ce, ta kusa milimita 700, magajiyarta 205/75R15. Masu Land Cruiser ta da mai 7.50-16 sun huta, har yanzu ana yin 7.50R16, ko su sa 235/85R16 in rim ɗin ya kai inci 6. Sai dai in rim mai zobe ne, dole a sa tub, kuma ba a tsayawa a kansa ana ba shi iska, zoben in ya ƙwace kisa yake yi.

Masu tsohuwar GMC da manyan a-kori-kura na Amurka, ku buɗe ido sosai. Wasunsu rim ɗinsu inci 16.5 ne, kamar masu lamba 8.75-16.5 da 9.50-16.5. Tayar 16 tana iya shiga wannan rim da ƙyar, amma leɓenta ba zai taɓa zama ba. Mai faci zai ta ƙara iska yana jiran ta zauna har wayar leɓe ta tsinke, ta tashi da shi. An yi asarar rayuka a kan wannan rabin inci. Haka tsofaffin BMW da wasu motocin Turai masu tayar TRX da Michelin ya fito da ita a 1975, rim ɗinsu da milimita aka auna shi, kamar 390. Ba tayar inci da ke zama a kai.

Mu dawo kan taka. Kafin ka biya kuɗin biyar, ka roƙi mai shago ya ɗaura ɗaya a gaba, a sauke jak motar ta zauna da nauyinta. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe dama, ka durƙusa ka zura hannu tsakanin taya da shasi, da tsakaninta da bakin madigadi, ka duba tiyon birki. Ka murɗa hagu ka sake. In yatsu biyu suna wucewa ko'ina, ka sa mutum biyu su danna gaban motar ka sake dubawa, domin sifirin da ya tsufa yana zaunawa, filin da littafi ya ce akwai ba lallai ya rage ba. Wannan gwaji ya fi wajaba in 235 ka samu.

Bayan an ɗaura a yi balansin, a kai ta wurin saita ƙafa, ka gaya wa mai saitin cewa daga tayar zare aka koma radiyal, domin radiyal ba ta son a karkato gaban tayoyi ciki da yawa kamar ta da. Ka sa bakanike ya duba robobin ƙafa da shokazoba, saboda sabuwar taya mai riƙe hanya tana tona duk wani sako-sako da tsohuwa ta ɓoye. Marufan wili na ƙarfe su ma a matse haƙoransu, radiyal tana sa tsohon rim ɗan motsi har marufi ya fice a kwana. In ka yi tafiyar kamar kilomita 80, a sake ɗaure notuna.

Daga nan ka hau babbar hanyar Makka da sassafe, wani ya riƙe waya mai nuna gudu ta tauraron ɗan'adam, kai ka tsayar da allura a kan 100. Da 225/75R15 ya kamata wayar ta nuna kusan 100. Da 235/70R15 za ta nuna 98 ko 99. Da 235/75R15 za ta nuna wajen 102, wato kana gudu fiye da abin da agogo ke faɗa, sai ka riƙa ragewa kaɗan saboda kyamarorin Sahir masu kama masu gudu. In bambancin ya wuce 5, ba daga taya ba ne, agogon ne ya tsufa ko an taɓa sauya 'yar giyar da ke juya wayarsa a jikin giyabos, kuma wannan gyara ne mai sauƙi a wurin masu giyar motocin Amurka a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota. Allah ya tsare hanya, ya sa a hau lafiya.